Gadin sa'o'i 24, darasi a wayar hannu: me karatun jami'a ta intanet zai iya yi wa 'yan kwana-kwana?

A daren 1 ga Janairun 2025, wayewar garin 2 ga wata, gobara ta cinye babban ɓangare na kasuwar Kantamanto da ke Akra, cibiyar cinikin gwanjo mafi girma a Gana. Dubban 'yan kasuwa sun wayi gari ba su tsira da ko tsinke ba. Kamar yadda aka saba bayan kowace gobarar kasuwa, daga Kumasi zuwa Kano, daga Yamai zuwa Duwala, tambayoyin da jama'a ke yi kusan iri ɗaya ne: yaushe motocin kashe gobara suka iso, ina aka samo ruwa, motoci nawa ne ma ke da lafiya a garin gaba ɗaya?

Tambayoyi ne masu ma'ana. Sai dai akwai wadda ba kasafai ake yin ta ba: mutanen da ke cikin motar, wane ilimi aka ba su bayan horon farko na ɗaukar aiki, kuma wace hanya ke gare su ta ƙaro shi? Ma'aikacin kashe gobara, wanda a Najeriya ake kira ɗan kwana-kwana, a ƙasashen da ke aiki da Faransanci kuma ake ce masa pompiye, aikin karɓa-karɓa yake yi. Yau yana gadi dare da rana, gobe yana gida yana ramuwar barci. Ita kuwa jami'a an tsara ta ne domin wanda zai iya zuwa aji ƙarfe takwas na safiyar kowace Litinin.

Amurka ta shafe sama da shekaru 50 tana neman yadda za ta daidaita waɗannan abubuwa biyu, kuma a yau karatu ta intanet ya zama babbar hanyar da ma'aikatan kashe gobararta ke samun difloma da digiri. Tarihin yadda aka kai ga haka ya cancanci a duba shi da kyau, domin yana nuna cewa intanet ɗin ita ce ta zo daga ƙarshe. Kafin ta, an riga an amince da manhaja guda, an yarda a ƙirga horon da mutum ya yi a bakin aiki, an kuma ɗaura takardar shaidar da ƙarin girma. Duk ƙasar da ta ɗauki intanet ta bar waɗannan ukun, ta ɗauki kwano ne ta bar tuwon.

Lissafin ranakun gadi

Tsarin da ya fi yaɗuwa a tashoshin kashe gobara na biranen Amurka shi ne na sa'o'i 24 a bakin aiki, sa'o'i 48 a gida. Ana raba ma'aikata rukuni uku, kowane rukuni ya karɓi na gabansa da safe. Idan aka raba sa'o'i 168 na mako gida uku, kowa ya tashi da sa'o'i 56 a matsakaici. Dokar ƙwadago ta ƙasar ma ta ware musu ƙa'ida ta daban: sai sun haura sa'o'i 212 a cikin kwanaki 28 ake fara lissafa musu kuɗin ƙarin lokaci. Wasu garuruwa, musamman a yammacin ƙasar, sun koma tsarin kwana biyu a jere a tasha, kwana huɗu a gida.

Matsalar ɗalibi tana cikin yadda ranakun ke juyawa. Wanda ya yi gadi ranar Litinin zai sake yi ranar Alhamis, sai Lahadi, sai Laraba, sai Asabar, sai Talata, sai Juma'a, kafin ya dawo Litinin bayan makonni uku. Ke nan babu wata rana a mako da zai iya cewa tasa ce a kullum. Idan ya yi rajistar darasin da ake yi kowace Litinin, a zangon karatu na makonni 15 zai rasa zama biyar. Malami kaɗan ne zai ɗaga ƙafa ga wanda ya tsallake kashi ɗaya cikin uku na darasinsa, ko da kuwa dalilinsa ceton rai ne.

An gwada dabaru. Abokan aiki kan yi musayar ranakun gadi, amma bashi ne da sai an biya. Wasu ƙananan kwalejoji kan maimaita darasi ɗaya a ranaku biyu a jere, domin wanda ya rasa na yau ya samu na gobe, amma hakan na buƙatar ɗalibai da yawa a gari ɗaya. Abin da ya warware ƙullin shi ne darasin da aka naɗa aka ajiye: malami ya saka bayani da karatu da aikin gida a farkon mako, ya sa ranar ƙarshe ta miƙawa, ɗalibi kuma ya buɗe a lokacin da ya samu sarari, ko a gida ko a tasha tsakanin kira da kira. Darasin da ake yi kai tsaye ta bidiyo a ƙayyadadden lokaci kuwa, ko da ta intanet ne, matsalarsa ɗaya da ta aji mai bango, domin jiniya ba ta duba agogo.

Daga wasiƙa zuwa intanet

A 1966 wasu jagororin aikin kashe gobara sun yi taro a wata cibiya da ake kira Wingspread a jihar Wisconsin, inda suka bayyana cewa sana'ar ba za ta samu martabar sauran sana'o'in ƙwararru ba sai ta samu tsarin ilimi mai zurfi nata na kanta. A 1973 wani kwamitin ƙasa ya fitar da rahoton America Burning, wanda ya nuna girman asarar rayuka da dukiya da gobara ke yi wa ƙasar. Shekara guda bayan haka, a 1974, majalisa ta zartar da dokar da ta kafa hukumar kula da gobara ta tarayya tare da Makarantar Koyon Kashe Gobara ta Ƙasa, wadda ta samu mazauni a garin Emmitsburg na jihar Maryland.

Tun kafin a san intanet a gidajen jama'a, wannan makaranta ta haɗa hannu da wasu kwalejoji bakwai domin ba da digiri daga nesa. Ana aika wa ma'aikaci littattafai ta gidan waya, ya yi aikinsa ya mayar, ya zauna jarrabawa a gaban wani amintaccen mai sa ido a kusa da garinsu. Wato an gane tun a lokacin cewa ɗalibin ba zai iya zuwa makaranta ba, sai dai makaranta ta same shi.

Mataki mafi muhimmanci ya zo ne a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da aka fara tarukan da suka haifar da shirin da ake kira FESHE a taƙaice. Makarantar ta ƙasa ta zauna da malaman kwalejoji da shugabannin tashoshi suka amince da darussa shida na tushe ga mai neman diflomar shekara biyu: yadda wuta ke kamawa da yadda take ci, yadda ake gina gidaje da yadda suke rushewa a cikin wuta, rigakafin gobara, na'urorin gano wuta da kashe ta a cikin gini, tushen aikin agajin gaggawa, da kare lafiyar ma'aikaci da ransa. Ga mai neman digiri kuma aka ƙara darussan shugabanci, kula da ma'aikata, dokoki, amfani da sakamakon bincike, da rage haɗari a cikin al'umma.

Amfanin wannan yarjejeniya a fili yake. Wanda ya fara karatu a wata jiha aka sauya masa wurin aiki zai iya ɗorawa a wata kwalejin ba tare da ya koma farko ba. Kwalejoji da yawa kuma suna ƙirga wani ɓangare na horon da ma'aikaci ya riga ya yi a makarantar kashe gobara, su rage masa darussa. Daga sama kuma aka ja igiyar: shirin horar da manyan jami'ai na makarantar ta ƙasa ba ya karɓar wanda ba shi da digiri, kuma birane da dama suna neman digiri ga mai son zama shugaban hukumar. Da intanet ta iso, ta tarar da hanya a share.

Abin da allo ke iya koyarwa, da wanda ba ya iyawa

Babu wanda ke koyon riƙe tiyo ko hawa tsani ko shiga ɗaki mai hayaƙi da tukunyar iska a baya ta wayar hannu. Wannan horo ne na jiki, a fili ake yin sa, a gaban malami mai tsawa. Ko a Amurka, makarantar horon farko tana nan daram, kuma digirin intanet ba ya maye gurbinta.

Abin da karatun jami'a ke ƙarawa shi ne fahimtar dalili. Misali guda: cibiyar gwaje-gwaje ta UL ta ƙona ɗakuna iri biyu domin kwatantawa, ɗaya da kayan ɗaki na dā na katako da auduga, ɗaya da na zamani masu soso da roba. Ɗakin kayan dā ya ɗauki kusan minti 30 kafin zafi ya taru har komai ya kama a lokaci guda. Na zamani bai kai minti biyar ba. Binciken irin wannan ya kuma nuna cewa fasa ƙofa ko taga ba tare da ruwa a shirye ba yana iya ƙara wa wutar iska ta yi tashin gwauron zabi. Tsohon ma'aikacin da ya koyi sana'a shekaru 25 da suka wuce, hannunsa ya ƙware, amma wutar da ya koya a kanta ta sauya. Wanda ya taɓa leƙa layin masu katifa ko masu robobi ko masu atamfa a kowace babbar kasuwa ya san wane irin ɗaki ne ya fi yawa a yau, ga tukwanen gas da janareta da batiran sola a kowace kusurwa.

Abu na biyu shi ne rigakafi, kuma nan ne manyan masifun yankin Sahel da gaɓar teku ke ba da shaida. A watan Mayun 2019 wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, jama'a suka taru ɗibar fetur, ta fashe ta hallaka sama da mutane 50. A Oktoban 2024 hakan ta sake faruwa a Majiya ta jihar Jigawa, inda sama da mutane 150 suka rasu. A Afrilun 2021 yara kimanin 20 suka ƙone a azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, a Nuwamban shekarar kuma aƙalla 25 a Maraɗi, abin da ya sa gwamnati ta haramta irin waɗannan azuzuwa ga 'yan ajin share fage. A ranar 3 ga Yunin 2015, ambaliya da man da ya malala daga wani gidan mai suka haɗu suka kashe sama da mutane 150 a tsakiyar Akra.

A mafi yawan waɗannan, ko da mota ta iso cikin minti goma, an riga an yi asarar. Abin da zai iya hana su yana faruwa ne tun kafin ranar: jami'in da ya san tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya tarar da wuta a nesa, ya kuma iya tsara da 'yan sanda da masu unguwa yadda za a killace wuri, jami'in da zai duba makaranta ya rubuta rahoton da ba za a iya ture shi ba, wanda zai binciki musabbabin gobarar kasuwa ya bambance wayar lantarki da aka yi wa lodi da wutar da aka cinna da gangan, wanda zai zauna gaban majalisar gari ya kare kasafin kuɗinsa da alƙaluma. Duk wannan aikin karatu ne da rubutu da lissafi, kuma ana iya koyon sa daga nesa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuɗin da ake biya da barci

Masu tallar karatun intanet kan nuna hoton ma'aikaci zaune a tasha da kwamfuta a cinya, kamar dai gadi hutu ne. Gaskiyar ta fi haka nauyi. Alƙaluman ƙungiyar NFPA sun nuna cewa gobara ƙaramin kaso ce na kiran da tashoshin Amurka ke amsawa. Kusan kashi biyu cikin uku na agajin marasa lafiya ne da waɗanda suka yi haɗari. A tashar da ke tsakiyar birni, ana iya fita sau da yawa a dare ɗaya.

Wani bincike da masana a asibitin Brigham and Women's na Boston suka wallafa a 2015, wanda ya shafi ma'aikata kusan 7,000 a hukumomi 66, ya gano cewa kimanin kashi 37 cikin 100 suna da alamun wata matsala ta barci, kuma galibinsu ba su ma sani ba. Bugun zuciya na daga cikin manyan abubuwan da ke kashe ma'aikatan a bakin aiki. A 2022 kuma hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Lyon na Faransa, ta saka aikin kashe gobara a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar. Kwanaki biyun da ake kira hutu, jiki ne ke biyan bashi a cikinsu. Idan aka ɗora musu karatun digiri ba tare da hukuma ta sassauta komai ba, daga barci da lokacin iyali za a cire kuɗin. Shi ya sa masu dabara ke ɗaukar darasi ɗaya ko biyu a zango, su yarda digirin shekara huɗu ya ɗauke su shida ko bakwai.

Haɗari na biyu shi ne makarantun cin riba. Ma'aikaci mai albashi tabbatacce, mai ƙishirwar ƙarin girma, wanda ba shi da lokacin bincike, nama ne ga 'yan kasuwar takarda. Amurka ta ga rushewar manyan kamfanonin makarantu irin su Corinthian a 2015 da ITT a 2016, suka bar dubban ɗalibai da bashi da darussan da wasu jami'o'i suka ƙi karɓa. Yammacin Afirka ma ya ɗanɗana nasa. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya nuna yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni shida ba tare da ya shiga aji ba. A farkon Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, matakin da ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah.

Inda ɗan kwana-kwana soja ne

Ba za a iya ɗauko tsarin Amurka a dasa shi yadda yake ba, domin ginin hukumomin ya bambanta. A Nijar da Kamaru da Burkina Faso da Senegal, masu kashe gobara sojoji ne, bisa gadon rundunar birnin Paris da Napoleon ya kafa a 1811. A Gana kuwa hukuma ce ta farar hula da aka kafa a 1963, tana ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, da makarantar horonta a James Town cikin Akra. A Najeriya akwai ta tarayya, akwai kuma na jihohi.

Ga soja, ƙarin girma yana bin kwasa-kwasan runduna da jarrabawarta da shekarun aiki. Lisans ɗin da kofur ya samo da kuɗin aljihunsa ba ya sauya masa igiya kai tsaye, sai dai idan doka ta buɗe masa ƙofar shiga jarrabawar hafsoshi da shi. Sannan ana iya sauya masa bariki a kowane lokaci, kuma yana buƙatar izinin na gaba da shi kafin ya yi tafiyar jarrabawa. Saboda haka tambayar farko a waɗannan ƙasashe ba ta jami'a ba ce, ta rundunar ce: shin ta yarda karatun ma'aikacinta ribarta ne?

Akwai tubalan da za a iya ɗorawa a kai. A Wagadugu akwai cibiyar ISEPC, wadda aka buɗe a 2012 domin horar da jami'an kare fararen hula daga ƙasashen Afirka da dama. A Faransa, babbar makarantar hafsoshin kashe gobara ta ENSOSP da ke Aix-en-Provence tana haɗa darussan nesa da horon fili. Faransa kuma tana da wata doka ta 2002 da ake taƙaita sunan tsarinta da VAE, wadda ta ba ma'aikaci damar gabatar da ƙwarewar da ya tara a bakin aiki gaban kwamitin jami'a, a ba shi wani ɓangare na difloma ko ma dukkanta. Ga sajan ɗin da ya shekara 15 yana jagorantar mota, irin wannan tsari ya fi masa kyautar kwamfuta amfani. Sai dai gurbin zuwa kwas a Wagadugu ko Faransa ƙalilan ne, kuma duk wanda ya tafi ya bar giɓi a tashar da dama ma'aikata ba su ishe ta ba. A nan ne karatu daga nesa ke da hujjarsa mafi ƙarfi: mutum ya yi karatu, motar kuma ba ta rasa direba ba.

Jami'o'in suna nan, sauran wuta da layi

Yankin ba baƙo ba ne ga karatu daga nesa. Senegal ta kafa jami'arta ta intanet a 2013, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Cheikh Hamidou Kane. Kodebuwa ta kafa tata a 2015. Jami'ar Cape Coast a Gana ta daɗe tana da kwalejin karatu daga nesa da malaman makaranta da sauran ma'aikata ke cin gajiyarta. Buɗaɗɗiyar jami'ar Najeriya, NOUN, da aka farfaɗo da ita a 2002, ta buɗe cibiyoyin karatu na musamman ga sojoji da 'yan sanda, har da gidajen gyaran hali.

Misalai biyu daga cikin waɗannan sun dace da 'yan kwana-kwana. Senegal ta gane cewa ɗalibi ba lallai ne yana da wuta da layi a gida ba, sai ta gina ɗakunan karatu masu intanet a garuruwa daban-daban. NOUN kuma ta kai cibiyar har cikin bariki. Tashar kashe gobara wuri ne da ake kwana, akwai tsaro, akwai horo. Ɗaki ɗaya da faranti na sola da kwamfutoci huɗu da layi mai ƙarfi ya isa ya zama aji ga rukunai uku na ma'aikata, kuma kuɗinsa bai kai komai ba idan aka kwatanta da farashin motar kashe gobara ɗaya.

Dalilin buƙatar wannan ɗaki a bayyane yake. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar, a Cadi kuwa wajen ɗaya cikin goma. Daga Agustan 2023 zuwa farkon 2024, Nijar ta rasa wutar da take saye daga Najeriya saboda takunkumi. A ranar 14 ga Maris na 2024, lalacewar wayoyin ƙarƙashin teku a gaɓar Kodebuwa ta durƙusar da intanet a ƙasashe da dama na yankin. Duk manhajar da ta dogara da kallon bidiyo kai tsaye za ta watsar da ɗalibin Marwa ko Abeche a makon farko. Wadda za ta ɗore ita ce mai darussan da ake saukewa a waya a karanta ba tare da layi ba, mai sassauci a ranar miƙa aiki. Kamaru ta raba wa ɗaliban jami'a kwamfutoci 500,000 a ƙarƙashin wani shiri da aka sanar a 2016, amma na'ura ba ta zuwa da manhajar kimiyyar gobara a cikinta. Wannan sai an zauna an rubuta, kuma a rubuta ta bisa kasuwa mai rumfunan katako da lungu mai faɗin kura ɗaya, ba bisa gidajen Maryland ba.

Sai batun amincewa da takarda. Ƙasashen da ke aiki da Faransanci suna da majalisar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, hedikwatarta kuma tana Wagadugu, kuma tana da shirin tantance difloma tsakanin ƙasashe mambobi. Ita ce wurin da ya fi dacewa a amince da darussan tushe guda, irin abin da FESHE ta yi, domin lisans ɗin da aka yi a Ngaundare ya zama yana da daraja a Njamena.

Me ya shafi Hausawan zango da na ƙetare?

Hausawa mazauna Gana da Kamaru da Cadi da Benin da Togo da Kodebuwa, da yawansu arzikinsu a kasuwa yake, a rumfar hatsi ko ta goro ko ta yadi ko ta kayan waya, kuma galibi ba inshora. Unguwanni irin su Nima a Akra ko Briketeri a Yawunde cunkushe suke, lungunansu ba sa ɗaukar babbar mota. Gobarar dare ɗaya kan shafe jarin da aka tara tun daga kakanni, ta kuma katse kuɗin da ake aikawa gida. Ingancin jami'in da ke duba wayoyin kasuwar kafin hunturu magana ce ta tukunyar gidansu.

Ta ɗaya ɓangaren, ga matashin zango da ya shiga aikin da takardar sakandare saboda halin gida bai bar shi ya wuce jami'a ba, karatu daga nesa na iya zama hanya ɗaya tilo ta hawa daga ƙaramin ma'aikaci zuwa hafsa ba tare da ya ajiye albashin da iyali ke dogaro da shi ba. Irin wannan jami'i yana da abin da ba a koyarwa a kowace manhaja: yana iya tsayawa gaban sarkin zango ko sarkin kasuwa ko limamin Juma'a ya yi bayanin haɗarin ajiye fetur a jarka a cikin ɗaki da harshen da kowa ke ji. Darussan jami'a da Faransanci ko Ingilishi za a yi su, amma saƙon rigakafi da harshen kasuwa yake isa. A Nijar, inda kundin da aka amince da shi a Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, akwai damar a fara rubuta kayan wayar da kai da za su yi amfani har a ƙetaren iyaka.

Kafin ma'aikaci ya biya ko sisi, akwai abubuwa huɗu da ya kamata ya samu amsarsu a rubuce. Shin ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ƙasarsa ta amince da makarantar da kuma wannan kwas ɗin takamaimai? Shin hukumarsa za ta ƙirga takardar a ƙarin girma ko a jarrabawar hafsoshi? Shin darussan naɗaɗɗu ne, ko sai an zauna a ƙayyadadden lokaci? A ina ake zana jarrabawa, kuma me zai faru idan ta faɗo ranar gadi? Makarantar da ta yi alƙawarin digiri cikin watanni, ko ta ƙi nuna takardar izininta, ta riga ta ba da amsa.

Ga hukumomi kuwa, abin da ake buƙata daga gare su ya fi alƙalami fiye da kuɗi: doka da ta faɗi matsayin difloma a tsanin girma, yarjejeniya da jami'a ɗaya ta gwamnati kan manhaja, 'yan sa'o'in karatu a cikin jadawalin gadi, da izinin jarrabawa da ba ya rataye a kan ra'ayin kwamanda. Daga taron 1966 zuwa amincewa da manhaja guda, Amurka ta ɗauki sama da shekaru 30. Ƙasashen yankin ba sa buƙatar jira haka, tunda sun ga hanyar da aka bi da ramukan da aka faɗa. Iskar hunturu kuwa kowane Disamba take dawowa, ta tarar da kasuwannin a inda ta bar su.